Mantuwar da ake gina labaran matasa a kanta, gaskiya ce ko ƙirƙira?

Malam Sadiƙu: Iƙirarina shi ne, ƙagaggun labaran bincike na matasa, waɗanda yarinya ke farkawa a gadon asibiti ba ta san sunanta ba, sun ginu ne a kan abin da likitoci ba safai suke gani ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, galibi ya san ko shi wane ne, riƙe sabon abu ne yake gagararsa. Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 saboda farfaɗiya, ya san sunansa da yarintarsa har rasuwarsa a 2008, amma wanda suka gaisa da safe, da rana ya koma masa baƙo. Batun a sake buge kai komai ya dawo kuwa, ba shi da tushe, domin bugu na biyu ɓarna yake ƙarawa.

Malama Hauwa: Malam, na yarda da kai a kan bugun kai, amma ka yi jimla. Akwai mantuwar da tsananin firgici ke haddasawa ba tare da rauni a ka ba, har mutum ya ɓace wa kansa na ɗan lokaci, ko da yake ba ta da yawa. Marubuci kuwa abin da ba shi da yawa yake nema. Yarinya 'yar shekara 16 da ta buɗe littafin sirrinta, ta shaida rubutun hannunta amma ta kasa shaida mai maganar, tambayar kowane matashi take yi: wace ce ni idan aka cire abin da aka faɗa mini?

Malam Sadiƙu: Tambayar tana da kyau, Malama, sai dai amsar da labaran ke bayarwa ce damuwata. Suna nuna cewa in tunawa ta tafi, mutum ya tafi gaba ɗaya.

Yaya Aminu: A nan ina bayan Malam Sadiƙu. Masanin falsafa John Locke ya ɗaura kasancewar mutum shi ne shi a kan abin da yake iya tunawa, wani masanin falsafar, Thomas Reid, kuma ya ƙalubalance shi a 1785. Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne halin Clive Wearing, mawaƙin Ingila da cuta ta lalata wa ƙwaƙwalwa a 1985. Yakan rubuta a littafinsa cewa yanzu ne ya farka, bayan ɗan lokaci ya soke layin ya sake rubuta irinsa, shafi bayan shafi. Duk da haka, da matarsa ta shigo sai ya tarbe ta da murna, yatsunsa kuma ba su manta kiɗan fiyano ba. Ashe ƙauna da gwaninta suna da wata ma'ajiyar daban.

Malama Hauwa: Yaya Aminu, ai hujja ka ba ni. Labari mai kyau da wannan ragowar yake aiki: jarumar ba ta tuna fuskar mutum ba, amma gabanta yana faɗuwa duk lokacin da ta ji takunsa. Kuma Elizabeth Loftus, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta nuna a 1995 cewa ana iya dasa wa mutum tunanin wai ya taɓa ɓata a kasuwa yana yaro, wasu kuma su gaskata. Saboda haka ranar da tunawar jarumar ta dawo, mai karatu yana da damar tambaya, wa ya dawo mata da ita?

Malam Sadiƙu: Irin wannan labarin zan karanta, Malama. Amma waɗanda suka zo hannuna, a babin ƙarshe tunawa takan dawo garau kamar hoton bidiyo, a kama mai laifi da ita, ba wanda ya tuhume ta. A kan waɗannan ban janye maganata ba.