Wace kalmar Hausa za mu ba "bakum" a aikin firji da AC?

Salamu alaikum ogogina masu aikin sanyi na Zariya, daga Sabon Gari har Samaru. Ina haɗa wa yaran shagonmu 'yar takarda da Hausa kan abin da ake yi bayan an ɗaura AC an haɗa bututai: duba liking (yoyo), yin bakum (janye iska da laima daga cikin bututu da inji), sa gas. Ina neman shawararku kan sunayen.

Na farko bai da gardama: gwajin yoyo. A ɗura busasshen naitirojin ta regileta har matsin da kamfani ya rubuta, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa da duk inda wutar walda ta taɓa, a sa ido kan gej. Don Allah kada yaro ya ɗauko tukunyar oksijin ta masu walda ya yi wannan gwaji. Oksijin in ya haɗu da man kwamfiresa cikin matsi, fashewa yake yi.

Bakum ne ya tsaya mini. Yawancinmu "zuƙe iska" ko "tsotse iska" muke cewa, kuma ina ganin sunan nan yana cutar aikin. Yaro in ya ji iska ce kawai matsalar, sai ya kwance bawul ya saki gas kaɗan ya yi fuuu, ya ce ya kore ta. Ai gas ba ya korar laima, ita kuwa laima ita ce babbar abokiyar gaba. Tana daskarewa a bakin kafilari, siririn bututun da gas ke bi, ta toshe hanya. Man da ake sa wa injinan da ke aiki da gas ɗin R410A kuma shan danshi gare shi, in ya sha sai ya koma asid ya riƙa cin wayar kwamfiresa a hankali. Mai gida ba zai gani yau ba, sai zafin Afrilu ya kankama injin ya ƙone, a ɗora wa wutar lantarki laifi. Wanda ya haɗa bututu a buɗe cikin ruwan Agusta ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ga shi gas ɗin da ake saki ba banza ba ne: saboda gas masu lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987, daga baya aka sa gas ɗin R22 a cikinta.

Injin bakum rage matsin cikin bututu yake yi har ruwan da ya maƙale ya tafasa ba tare da wuta ba, ya zama tururi, a janye shi waje. Da maikiron ake auna wannan matsi: matsin iskar duniya maikiron 760,000 ne, mu kuwa 500 ko ƙasa muke nema. Allurar gej ɗinmu na kullum ba ta iya nuna wannan, sai da ma'aunin maikiron. In an kai, a rufe bawul a jira. Lamba ta yi ta hawa ba tsayawa, akwai yoyo. Ta hau kaɗan ta tsaya, da sauran laima.

Don haka ni "yasa" na zaɓa. Mai yasar rijiya ba ya tsayawa don ya kwashe ruwan sama, sai ya kai ƙasa ya fid da laka. Kuma kalmar tana zama a baki: ka yashe layin? Ɗauko injin yasa. Yasar ba ta kai ba.

Wani dattijonmu na Tudun Wada ya ce mini, "Injiniya, yasar da abu fa jefar da shi ne, kada ka ce wa mai gida ka yashe masa AC ya zaci ka watsar." Baba yana da gaskiya, shi ya sa a takardar zan riƙa rubuta "yasar bututu" cikakke. Wani kuma ya ce a bar bakum ɗin, tunda kowa ya saba. Ban ƙi aro ba, kwamfiresa da gej ma aro ne. Amma su abin riƙewa ne a hannu, yaro yana gani ya gane. Bakum kuwa ba ya gaya masa me ake cirewa, ko yaushe za a tsaya.

Saura na uku, a nan ne nake jiran ku. "Cika gas" bai yi mini ba, don ba cikawa ake yi ba, aunawa ake yi. Nauyin yana rubuce a jikin injin, a ɗora tukunya kan sikeli a ba shi daidai. Ƙaramin firji mai R600a sau da yawa bai kai giram 100 ba, kuma gas ne mai kama wuta. R410A haɗin R32 da R125 ne, a ruwansa ake fitar da shi daga tukunya don kada haɗin ya canza. "Ɗura gas" yana da kamar a yi ta turawa da ƙarfi. Ina tsakanin "awon gas" da "sa gas da awo". Ogogi, da malaman Hausa na ABU in kuna nan, wanne ya fi?