Neman shawara: bidiyon jerin hotuna da AI don shafin kamfanin sola

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar bidiyo.

Yayana yana da ɗan kamfanin haɗa wutar sola a nan Kano, gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse. Ni ya ɗora wa kula da shafukan kamfanin na Facebook da Instagram, yanzu kuma ya ce in buɗe na LinkedIn don ƙungiyoyi masu ba da kwangila su riƙa ganin aikinsa. Ba mu da kyamara, ba mu da kuɗin ɗaukar mai bidiyo. Hotuna ne kawai tuli a wayarsa da wayoyin yaransa.

Na gwada wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda za ka rubuta mata jimla ɗaya ta haɗa maka bidiyo da hotuna da kiɗa da murya. Wallahi ya yi kyau. Amma da na nuna wa Yaya sai ya ce wannan ba aikinsa ba ne, kada in kuskura in ɗora. Ni kuma ina ganin namu hotunan duk ƙura ce da bokiti da tsani a gefe.

To wace manhaja ce ta fi? In yi amfani da hotunan AI ko namu? Tsawon nawa? Hausa ko Turanci? Muryar na'urar fa?

Sadiq mai zane:
Wa alaikumus salam Malama Ummi. Kada ki damƙa wa manhaja ɗaya aikin gaba ɗaya, shi ya sa ta ba ki kayan da ba naku ba. Raba shi gida biyu.

Rubutu tukuna. Ki buɗe ChatGPT ko Gemini ko Claude, duk wanda kika saba, ki zuba masa bayanan aiki ɗaya tak: a ina aka yi, fanel nawa, inbata mai ƙarfin nawa, wane irin batir, me mai gidan yake kunnawa. Sai ki ce masa: "Ka raba min wannan gida shida, kowane gida kada ya wuce kalma takwas, kuma kada ka ƙara wani adadi ko alkawari da ban ba ka ba." Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, in ba ki faɗa ba zai yi miki ƙari daga kansa.

Sai haɗawa. Canva ko CapCut, duka suna aiki a waya kuma kowanne yana da na kyauta. Canva ta tattara kayan AI ɗinta ƙarƙashin Magic Studio tun 2023, za ki iya zuba mata hotunanki ta jera miki su a kan tsarin da aka riga aka shirya. CapCut ta fi sauƙi wajen daidaita hoto da murya. Girman allo: 1080 da 1920, wato tsaye, na Reels da TikTok da status. In na LinkedIn ne ko cikin shafin Facebook, 1080 da 1350 ko murabba'i 1080 da 1080 ya fi zama daidai. Hoto shida zuwa takwas, kowanne daƙiƙa uku ko huɗu, kin ga duka bai kai rabin minti ba ko ya ɗan haura kaɗan. A na tsaye kada ki sa rubutu can sama ko can ƙasa, nan sunan shafi da maɓallai suke rufewa. Kuma don Allah salon sauya hoto iri ɗaya ya isa. Wannan ya juyo, wancan ya fashe, wani ya yi walƙiya, bidiyon biki ke nan ba na kamfani ba.

Injiniya Abban Zara:
Ƙanwata, yayanki ya fi ki gaskiya, kuma bari in gaya miki dalili don kada ki ɗauka taurin kai ne.

Na ga irin waɗannan hotunan da yawa. Fanel ɗaya na kallon gabas, na kusa da shi na kallon yamma. Waya ta fito daga inbata ta shige bango ba ta je ko'ina ba. Inuwar bishiya a kan rabin fanel, mutumin kuma yana tsaye yana murmushi. Layukan jikin fanel ma in kika ƙirga ba sa daidaita. Ke ba za ki lura ba, mai gida ma wataƙila ba zai lura ba. Amma wanda kuke nema a LinkedIn, wanda zai sa hannu a kwangilar rijiya ashirin, yana da injiniya a ofishinsa, kuma shi da kallo ɗaya ya gane. Daga nan tambayar da zai yi ita ce: in suna da aiki, me ya hana su nuna shi?

Mu nan Kano muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka fanel kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangare. Wanda ya san aiki wannan yake fara dubawa a hoto. Sai ya duba cikin akwatin fis, yadda aka jera wayoyi aka ɗaure su, ko akwai birka mai yanke wuta in ta yi yawa ta ɓangaren batir, ko an yi wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta. Wannan hoton akwatin da kike gani ba shi da kyau, shi ne tallar yayanki. Gani ya kori ji.

Ga bidiyon da zan yi in ni ne ke. Hunturu na zuwa, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ƙura za ta lulluɓe fanel, kwastomomi su fara kira cewa batir ba ya cika. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki fanel da ƙurarsa, har ya ja yatsa a kai layin ya fito. Ya ɗauki fuskar inbata tana nuna abin da ke shigowa. Washegari da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, a wanke da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Da rana ta kai daidai lokacin jiya, a sake ɗaukar fuskar inbatar. Hoto huɗu, lamba biyu na gaskiya. Babu na'urar da za ta ƙirƙiro miki wannan.

Maman Hanif:
Injiniya, na yarda da kai amma ba duka ba. Ni kek nake yi, kuma AI nake sa wa ya gyara min haske ya cire min abin da ya shigo hoto ba da gayyata ba. Bokitin nan da Ummi take magana, me zai hana a goge shi? Ai ba ƙarya ba ce.

Injiniya Abban Zara:
Hajiya, a goge bokiti, a goge tsani, a ƙara haske, ban ce komai ba. Amma kada a taɓa waya ko fanel ko lambar da ke fuskar inbata. Masu gyaran hoton nan in suka ga lamba ta ɗan dushe sai su "gyara" ta, 3 ta koma 8.

Maman Hanif:
To mun daidaita. Ummi, ga nawa kan sauti. In shafinku na Instagram na kasuwanci ne, za ki ga waƙoƙi da yawa ba sa fito miki, saboda lasisinsu bai shafi talla ba. Kada ki ce za ki yi wayo ki sa waƙar daga waje, ana iya kashe sautin bidiyon ko a sauke shi. Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, tana da rumbun kiɗa na kyauta mai suna Sound Collection, TikTok ma tana da rumbun kiɗa na 'yan kasuwa. Ko ki bar kiɗan ma gaba ɗaya, da yawa daga kwastomominmu ba sa so.

Muryar na'ura kuwa, da Turanci babu laifi. Da Hausa har yanzu tana karya harshe, don rubutunmu ba ya nuna hawa da saukar murya ko inda ake jan wasali, sai ta yi ta karatu kamar baƙon da ya haddace. Ki sa yayanki ya yi magana da bakinsa. Ku shiga mota ku rufe gilasai, ko ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka da janareta, wayar tazarar tafin hannu daga bakinsa. Sai ki sa AI ya share ƙarar baya, wannan kam ya iya. Kuma ko da murya, ki sa rubutu a kan kowane hoto, mutane da yawa a ofis ko a cikin adaidaita suke kallo, sauti a kashe.

Nura Data:
Anti ki min magana ta inbox, ina haɗa bidiyo cikin farashi mai rahusa.

Admin:
Malam Nura, ranar talla Juma'a ce. Shawara aka tambaya.

Laouali daga Maraɗi:
Gaisuwa gare ku. Abu ɗaya da ba a taɓo ba: haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin manhajojin nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Za ki rubuta "ƙura", ki ga akwati ya fito a wurin harafin, ko harafin ya fito da wani salo daban, siriri a tsakiyar masu kauri. Wani lokacin a wajen gyara lafiya lau, sai an fitar da bidiyon abin ya bayyana. Mu nan Nijar abin ya fi damunmu don muna da ƴ a inda ku kuke rubuta 'y. Kafin ki zaɓi salo, ki rubuta "Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ" ki gani. Noto Sans na Google yana da su duka. A waya kuma Gboard, madannan rubutu na Google, yana da allon Hausa.

Kada ki bar AI ya zana rubutu a cikin hoto, ki rubuta da hannunki a sama. Hausar da ya rubuta miki ma ki karanta ta da ƙarfi. In kin ji ba haka za ki faɗa wa maƙwabciyarki ba, Turanci ne sanye da rigar Hausa, ki sake ta.

Barista Hauwa:
Ni ɓangarena zan taɓa. Hotunan nan gidajen mutane ne. Kafin ki ɗora, a nemi izinin mai gida, ko saƙon WhatsApp ne ya amsa da "na yarda", ki adana shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi hoton da za a iya gane mutum da shi, amma ko ba doka, ki yi tunani: kin nuna ƙofar gida, lambar mota, da ɗakin da aka ajiye batir na miliyoyin naira. Wa kika yi wa talla? Ki yanke ƙofa da lamba, ki ce "wani gida a Hotoro" ya isa. Matan gida da yara kada su fito sam.

Na biyu, alkawari. AI yana son rubuta irin su "rage kuɗin wuta da kashi kaza" ko "wuta awa 24 babu yankewa". In kika ɗora, maganar kamfani ce ba ta na'ura ba, kuma ranar da kwastoma ya zo da ƙorafi bidiyon zai nuna. Tallar da za ku biya kuɗi a yaɗa ta kuma tana ƙarƙashin hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Nijeriya, yana da kyau yayanki ya san ƙa'idarsu.

Na uku, hoton AI ba ya ɓoyuwa kamar da. Tun 2024 Meta take liƙa alamar "AI info" a kan irin waɗannan, YouTube ma a shekarar ta wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana in abin da ya yi kama da gaske ƙirƙirarsa aka yi, LinkedIn kuma tana nuna 'yar alamar CR a kan hoton da ke ɗauke da bayanin asalinsa. Ki yi tunanin wannan alamar a kan hoton da kuka rubuta wa "aikinmu".

Sadiq mai zane:
Batun harshe da na manta. Bidiyo ɗaya, fitarwa biyu. LinkedIn da Turanci, don masu kwangilar da shi suke aiki. Facebook da status da Hausa. Hotunan ba sa canzawa, rubutun kawai za ki musanya, nan AI zai rage miki wahala, amma wani ya duba fassarar.

A LinkedIn ki ɗora bidiyon kai tsaye, kada ki liƙa mahaɗin Facebook. Sannan ki gwada wani abu: shafukan nan shida ki fitar da su a PDF ki ɗora a matsayin takarda, mutum ya riƙa jan su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Mai duba wayoyin cikin akwati ya fi son ya tsaya ya ƙura ido, bidiyo kuwa wucewa yake. Kuma ki ce wa yaran su riƙa turo miki hotuna a WhatsApp a matsayin fayil, ba ta hanyar da aka saba ba, don matse hoto yake yi har lambar inbata ta daina karantuwa.

Ummi:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya amsar Injiniya, sai dariya yake yana cewa a gaishe shi. Ga yadda na tsara na ƙurar, ku duba min:

1. Tambarin kamfani da sallama
2. Hunturu ya zo, batir ba ya cika?
3. Fanel da ƙura, an ja yatsa a kai
4. Fuskar inbata kafin wanki
5. Yaro yana wankewa da safe
6. Fuskar inbata bayan wanki
7. Lambar wayarmu

Sadiq mai zane:
Cire na ɗaya. Kafin tambarin ya gama juyawa mutum ya wuce. Ki fara da hoton yatsa a kan ƙura, tambayar da ke na biyu ki ɗora ta a kansa. Tambarin ya zauna ƙarami a kusurwa tun daga farko har ƙarshe. Na huɗu da na shida, bayan kin nuna su daban, ki ƙara shafi ɗaya da ya haɗa su gefe da gefe, ki ba shi daƙiƙa biyar.

Injiniya Abban Zara:
Ki rubuta ƙarfe nawa aka ɗauki kowanne a ƙarƙashinsa. Kuma a tabbata batirin bai cika ba lokacin ɗaukar, don in ya cika inbata rage jan wuta take yi, lambar ta fito ƙasa ko da fanel yana sheƙi. Yaron da ke wankin kuma ya sa takalmi, kada ya taka kan fanel.

Ummi:
To Injiniya. Hoton da muke da shi silifas ne a ƙafarsa, sai dai a sake ɗauka ranar Asabar.