Tsimammen jinsen da zafin rana: gaskiya ko talla?

Hajiya Rabi: Ana ta yaɗa cewa wai mai shan garin jinsen (saiwar wani tsiron magani) na Koriya da aka tsima ba ya bukatar man kariya daga rana. Masana, a warware mana.

Malam Nura: Hajiya, maganar tana da tushe. A Koriya ana turara saiwar mai shekara 6 na awa 2 zuwa 3, a busar, ta koma ja. Sinadaranta, jinsenosaid, suna ɗauke da sukari a jikinsu, hanji ba ya tsotse su sosai. Sai ƙwayoyin cuta masu amfani na hanji sun cire sukarin, sannan su koma wani sinadari da ake kira K, mai saurin shiga jini. Ba kowa ke da isassun ƙwayoyin nan ba. Shi ya sa ake tsima shi tun a masana'anta da irin ƙwayoyin da ke sa nono tsami.

Dakta Safiya: Shiga jini daban, tare rana daban, Malam. Hasken UVB, ɓangaren hasken rana mai ƙona fata, yana tayar da sinadarin MMP-1, mai cinye kolajin ɗin da ke riƙe fata. An ga jinsen yana rage shi, amma akasari a kan ɓeraye marasa gashi da ƙwayoyin fata a ɗakin gwaji.

Malam Nura: An gwada a mutane ai. A 2009 a Koriya, mata 82 da suka haura shekara 40, wasu sun sha giram 3 kullum har mako 24, tamoji ya ragu.

Dakta Safiya: Wancan jan jinsen ne da aka haɗa da wasu tsirrai biyu, to wa za a yaba wa? Kuma tamoji aka auna, ba ƙunar rana ko sankarar fata ba. Man kariya mai lambar ƙarfi SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, in an shafa tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, a sake bayan awa 2. Inda ake kuskure shi ne shafa ɗan kaɗan da safe a wuni da shi.

Yaya Habu: Abin da ke ba ni tsoro zabaya ne. Zabiya ya yarda da tallan nan ya ajiye malafa da riga mai dogon hannu, sankara ce ke jiransa. Haka masu man bilicin, fatarsu ta riga ta yi siriri.

Malam Nura: Nan kam ba musu. Kuma mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko maganin ciwon suga kada ya taɓa sai likita ya sani, don yana iya rikita aikin warfarin, ya kuma saukar da suga. A sha da safe, da dare yana hana barci.

Hajiya Rabi: To Dakta, mai baƙar fata fa, shi ma sai ya shafa man?

Dakta Safiya: Ƙwarai, Hajiya, musamman mai tabon ƙuraje. Rana ce ke ƙara masa duhu.