Bikin ƙanena a Bursa a watan Oktoba: yawo kafin biki ko bayan biki?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san Turkiyya ku taimaka min da shawara, don kaina ya ɗaure.

Autanmu ya je karatun injiniya a Bursa, ya gama, ya samu aiki a can, yanzu kuma ga shi zai auri 'yar garin. An sa biki Asabar ta uku a watan Oktoba. Mu uku ne za mu je daga Kano: ni, da Hajiyarmu, da Kawu wanda zai tsaya a matsayin uba tunda mahaifinmu ya rasu. Hutun da na samu a wajen aiki kwana 12 ne cif, har da ranar tafiya da ranar dawowa. Za mu tashi daga Abuja ranar Litinin, mu dawo Juma'ar makon da ke biye.

Ni dai ban da Umara sau ɗaya ban taɓa fita ko'ina ba, kuma gaskiya kuɗin jirgin nan ya yi min ciwo da yawa da zan je in dawo ban ga komai ba sai ɗakin taro. Kowannenmu da abin da ya ƙwallafa rai a kai. Hajiya, wadda har gobe Santambul take ce wa Istanbul, burinta ɗaya ne, ta ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari da ke can. Kawu ya ce shi sai ya je garin Konya wajen kabarin Maulana Rumi. Ni kuma, kada ku yi min dariya, balan-balan ɗin nan na yankin Kapadokiya masu ɗaukar mutane sama da asuba nake so in hau, tun da na gani a Instagram suka tsaya min a rai.

Matsalar ita ce Hajiya shekararta 68 kuma gwiwa ta matsa mata, ko benen gidanmu sai ta huta a tsakiya. Angon kuwa ba ya da amfani a yanzu, duk abin da na tambaye shi sai ya ce "Yaya ku dai ku zo kawai." To mu fara da yawon mu ƙare da biki, ko mu fara da biki? Sanyin lokacin ya kai a sayi manyan riguna? Sannan me dangin ango suke kaiwa a al'adarsu? Na haɗa turaren wuta da humra da atamfofi, amma ina tsoron mu je mu yi abin kunya a gaban surukai.

Tsohon Ɗalibin Bursa:

Wa alaikumus salam Anti, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Shekara biyar na yi a garin, na kuma ci bukukuwa da dama.

Ku fara da biki. Kuna sauka ku wuce Bursa kai tsaye, kada ku tsaya a Istanbul da sunan za ku ɗan taɓa yawo. Dalili kuwa, biki a can ba ranar Asabar yake farawa ba. Akwai daren lalle, wanda galibi ake yi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, kuma kafin nan iyayen amarya za su so su karɓe ku a gida, ku ci abinci, ku sha shayi a ƙananan kofunan nan nasu har ku rasa inda za ku sa kanku. Mutanen nan ba sa wasa da baƙo. Idan kika tsara cewa Laraba kuna wani gari, sai kawai ki ji an ce kakar amarya ta yi girki dominku, to ya za ki yi?

Daren lallen nan ki shirya Hajiya tun daga gida, don ita ce mai babban aiki. Amarya za ta sa doguwar riga mai aikin zare, a lulluɓe ta da jan mayafi, 'yan mata su kewaye ta da kyandir suna waƙoƙin rabuwa da gida har sai ta yi kuka. In an zo sa mata lalle sai ta dunƙule hannu ta ƙi buɗewa, sai uwar ango ta sa mata tsabar zinare a tafin hannu. Kamar sayen baki ne a wajenmu. Kada Hajiya ta tsaya tana kallo ana jiranta.

Kawu kuma ya tambayi ango tun yanzu yaushe za a yi ɗaurin aure na liman. Wanda ake yi a gaban jama'a na hukuma ne, jami'i ya tambayi kowannensu, su amsa, su sa hannu. Na liman sau da yawa a gida ake yinsa da mutane ƙalilan, ba irin taron ƙofar masallaci da muka saba ba, mutum zai iya zuwa ya tarar an gama.

Kwanakin da ke tsakani kuwa Bursa kaɗai ta ishe ku. Ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko, sun karɓe ta a 1326, kuma kabarin Usman wanda ya kafa daular da na ɗansa Orhan suna nan a kan tudun Tophane, sai dai ku hau tasi saboda Hajiya. Babban masallacin garin, Ulu Jami, yana da ƙubba 20 da wurin alwala a tsakiyarsa, cikin masallacin, ga manyan rubuce-rubucen Larabci a bango waɗanda sun fi tsayin mutum. Kawu ya yi Juma'a a can. Dab da shi akwai Koza Han, tsohuwar kasuwar siliki tun 1491, tsakar gidanta cike da kujerun shan shayi, Hajiya ta zauna ke ki zaga shaguna. Unguwar Cekirge kuma akwai wuraren wanka na ruwan zafi da ke fitowa daga ƙasa, da ɓangaren mata daban, tsofaffin garin can suke kai gwiwoyinsu.

In kina son ganin ganyen da ya koma ja da ruwan ɗorawa, ki hau motar igiya zuwa dutsen Uludag. Ƙauyen Jumalikizik da za a yi ta ce miki ku je yana da kyau, amma hawa ne a kan duwatsu masu santsi, ki bar Hajiya a masauki.

Hajiyar Kwari:

Maman Ilham barka da shiri. Ni ba 'yar yawon ido ba ce, sarin kaya ke kai ni Laleli, unguwar 'yan sari a Istanbul, amma na taka garin nan har takalmina ya san hanya.

Maganar kyauta tukuna. Turarenki da humra ki kai, za su ji daɗi, sai dai ki sani ba su ne za su fitar da ku ba. A wajen bikin akwai lokacin da ango da amarya za su tsaya da ƙyalle rataye a wuya, mutane su yi layi suna maƙala musu zinare ko kuɗi, dangi na kusa ne kan gaba, ido kuma yana kanku. Akwai ƙaramar tsabar zinare da suke kira ceyrek, ba ta kai giram biyu ba, ita ce abin da aka fi bayarwa. Uwar ango kuwa yawanci awarwaro take sa wa amarya. Kada ki saya a nan, ki bari ki je can, duk shagon zinare suna da ita har da ɗan jan ƙyalle da allurar maƙalawa. Ki matsa wa ƙanin naki ya tambayi amaryar abin da danginta suka saba, ya daina ce miki ku dai ku zo.

Atamfa kuma ban ga matan can suna ɗaurawa ba, kar ki cika akwati da ita. Biyu sun isa, don tarihi. Ku dai ku sha ankonku, za ki ga yadda za a yi ta neman hoto da ku.

Sanyi: da rana kamar farkon hunturunmu ne, da dare ya fi haka, ga ruwan sama da ba ya sallama. Kada ki sayi rigar sanyi a Kano, can ta fi araha ta fi kyau. Abin da za ki saya wa Hajiya tun daga gida shi ne takalmi rufaffe mai taushi da safa, ta fara sawa yanzu ƙafarta ta saba. Na taɓa raka wata baiwar Allah da silifas, kwana biyu muka yi muna neman magani.

A Istanbul ku kama masauki kusa da layin tarago, tsakanin unguwannin Sultanahmet da Sirkeji, kuma ki tambaya da bakinki ko akwai na'urar hawa bene, don ƙananan otal da yawa matakala ce zalla. Ku sayi katin Istanbulkart, da shi ake hawa tarago da jirgin ruwa da bas. Tasi kuwa ki tabbata ya kunna mita. Wani ya taɓa zagayawa da ni kusan awa guda a tafiyar da na san ba ta kai minti 15 ba, ina ta masifa da Hausa yana ta gyaɗa kai.

Ki riƙe ranakun nan: fadar Topkapi, inda aka ajiye kayan tarihin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ba a buɗe ta ranar Talata. Babbar rufaffiyar kasuwa kuma ba ta ci ranar Lahadi. Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad suna kallon juna, fili ne kawai a tsakani, ku je lokacin sallah ku yi sallarku a ciki.

Wajen Abu Ayyub ba wahala. Unguwar sunansa take ɗauke da shi, Eyup Sultan, akwai tarago da ke bin gefen ruwa daga Eminonu, dab da Sirkeji, kuma harabar masallacin shimfiɗaɗɗiya ce. Ku je da hantsi a ranar aiki. Uwata da na kai ta, da aka ce mata wannan ne wanda taguwar Annabi ta durƙusa a ƙofar gidansa a Madina, zama ta yi a gefe ta kasa magana. Ki ba Hajiya rabin yini a wurin, kar ki haɗa shi da kasuwa.

Malam Na Damagaram:

Hajiya Maman Ilham, ni a kan balan-balan kaɗai zan yi magana, don ya taɓa cin kuɗina.

Na je Kapadokiya a ƙarshen Oktoba, na yi kwana biyu a Goreme. Ranar farko an tashe mu tun kafin asuba, sanyi kamar zai tsinke yatsu, muka isa filin aka ce hukuma ba ta ba da izinin tashi ba saboda iska. Rana ta biyu haka. Kuɗin hawan an mayar mini, amma na jirgi da na masauki sun tafi. Ba laifin kowa ba ne, in iska ta yi ƙarfi ba mai tashi. Wanda ya je da kwana ɗaya caca ya yi.

Ga lissafinki: biki Asabar, Lahadi gajiya da sallama da surukai, Litinin hanyar Istanbul, Juma'a jirgin gida. Kwana uku cikakku suka rage miki. Kapadokiya sai an hau wani jirgin zuwa Kayseri ko Nevshehir, sannan mota. Kuma kwandon nan ba ƙofa gare shi ba, haurawa ake yi, a tsaya a ƙafa wajen awa guda. Hajiyarku ba za ta iya ba, ke kuma ba za ki bar ta a otal a garin da ba ta jin yarensu ba.

Konya ta fi sauƙi, tunda akwai jirgin ƙasa mai gudu daga Istanbul, awa biyar ko ƙasa da haka kaɗan. In Kawu yana da ƙarfi, ya tafi shi kaɗai ya kwana ɗaya ya dawo. Sai dai a samo masa ɗalibi ɗaya cikin yaranmu da ke karatu a can ya tarbe shi a tasha.

Maman Ilham:

Kai, Allah ya saka muku da alheri. Malam ka kashe min balan-balan, amma na ji, na haƙura, sai wani jiƙon. Na karanta wa Hajiya maganar dunƙule hannu ta yi ta dariya, ta ce ashe ko'ina amarya sai an saye ta. Na kira angon na titsiye shi, sai ga shi ya ce lallen Alhamis da dare ne, na liman kuma Juma'a bayan la'asar a gidan su yarinyar. Da mun bi tsarina na farko da muna can Istanbul muna ɗaukar hoto.

Yanzu ga yadda na tsara: Talata zuwa Lahadi Bursa. Litinin mu koma Istanbul. Talata Eyup, Laraba Topkapi da masallatan nan biyu, Alhamis kasuwa. Kawu ya tafi Konya Talata ya dawo Laraba, ya ce ya yarda.

Saura abu ɗaya. Daga Bursa zuwa Istanbul jirgin ruwa ya fi ko mota? Hajiya ba ta taɓa hawa ruwa ba, tana so kuma tana tsoro.

Tsohon Ɗalibin Bursa:

Anti, jirgin ruwan daga Mudanya yake tashi, wani garin bakin teku kusa da Bursa, wajen awa biyu ne, a zaune kuke kamar cikin bas, kuma yana sauke ku a cikin gari kusa da inda za ku kwana. Sai dai akwai wata iskar kudu da suke kira lodos, in ta taso ana soke tafiya, kuma a wannan lokacin na shekara tana yi. Ku sayi tikitin ruwa, amma ango ya duba da safe, in an soke ku hau bas ta gadar Osmangazi. Ranar zuwa kam bas ko motar da zai turo muku, da akwatuna da gajiyar jirgi ba a neman tashar ruwa.

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ki gyara na Hajiya tun a jirgi saboda maganinta. Kuma kafin ku bar Bursa ki sa ango ya kai ku ku ci Iskandar kebab, asalinsa ɗan garin ne. In mai kawo abinci ya zo da tafasasshen man shanu zai zuba a kai, ki ce masa na Hajiya kaɗan.