Don Allah wai Zara ce ta fi duk taurari girma?

Maman Nana, Birni

Salamu alaikum jama'a. Tun da zafi ya kama muke kwana tsakar gida, shekaranjiya kuma aka ɗauke kuran tun magariba sai sama ta fito tas, ɗiyata mai shekara 9 ta nuna min Zara can yamma ta ce Inna wannan ce babbarsu ko? na ce eh mana ba ki ga haskenta ba, sai wanta da ke koleji ya ce a'a mushensu ya ce ba tauraro ba ce ma, duniya ce irin tamu. Gardama har barci ya kwashe su. Ni dai ban so in bar yarinya da amsar da ba daidai ba. Kuma mi ya sa sauran ke ƙyalƙyali ita ko haskenta tsaye yake?

Mushe Ɗan Zengo

Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron yana da gaskiya. Zara, wadda a littafin lekol ake ce ma Venus, ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa kamar wata, kuma girmanta bai ma kai na duniyarmu ba, faɗinta wajen kilomita 12,100 tamu kuwa 12,700 da ɗoriya. Kusanci ne ya sa ta fi su ga idonmu, sai kuma farin girgije da ya lulluɓe ta baki ɗaya.

Ki tuna hanyar Tanut da dare, kabu-kabu in ya taho gabanki fitilarsa sai ta kashe miki ido, amma babbar mota mai fitilu masu ƙarfi in tana can nesa kamar garwashin wuta za ki hango ta. Haka abin yake a sama, kuma lissafinsa sananne ne, in nisa ya ninka biyu hasken da ke iso miki kashi ɗaya cikin huɗu ne, in ya ninka goma ɗaya cikin ɗari.

To duba nisan. Haske na cin kilomita 300,000 a sakan guda. Daga wata zuwa nan sakan ɗaya da 'yan kai, daga rana minti 8 da sakan 20, Zara in ta matso sosai wajen kilomita miliyan 40 ke tsakaninmu, haskenta minti biyu da kaɗan ya iso. Amma tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana sai haskensa ya yi shekara 4 da 'yan watanni a hanya. Ita kanta rana tauraro ce Hajiya, don tana bakin ƙofarmu ne muke ganinta haka, da za a kai ta inda Kaza da 'ya'yanta suke, tafiyar haske ta shekara sama da 400, wallahi ido ba zai gan ta ba sam sai da na'ura.

Baba na Garin Malam

Allah shi yi maka albarka Mushe. Ni abin da zan ƙara, Shi'ira da aka ambata cikin Suratun Najmi aya ta 49, ita ce wannan fara mai walƙiya da ke kudu bayan isha'i a wannan lokaci, ƙasa da ita can kusa da doron ƙasa kuma Suhailu. Duk mai ido zai ce Shi'ira ta fi. Jikana da ke karatun kimiyya ya ce min Shi'ira ta fi rana haske sau 25 ne, nisanta shekara 8 da rabi, Suhailu kuwa ya fi rana sau dubu goma amma yana can shekara 300 da wani abu. Na daɗe ina juya wannan magana. Kuma Maman Nana ke ma kin ga husufin 29 ga Maris 2006 ai, da rana ta yi zazzaɓi da hantsi, ta yaya ɗan wata zai rufe rana? Rana ta fi shi faɗi wajen sau 400, ta kuma fi shi nisa wajen sau 400, shi ya sa suka zo daidai ga idonmu. Subhanallah.

Etidiya ta Karkada

Inna maganar ƙyalƙyalin ba a amsa miki ba. Ba tauraron ke motsi ba iskar da ke samanmu ce, irin yadda kwalta ke rawa da tsakar rana cikin Afrilu. Tauraro saboda tsabar nisa ɗigo ɗaya tak ne kamar tsinin allura, iska na ɗan kaɗawa sai hasken ya yi rawa, ita Zara da Mushtari da Mirrihi (Jupiter da Mars a littafin lekol, su ma duniyoyi ne ba taurari ba) da yake suna kusa ɗan faifai ne ko da ido bai rabe shi, in gefe ɗaya ya kauce ɗayan ya cike. Da haka nake gane su ba sai da aplikasiyon ba. Mirrihi ma shi ne ya fi nuna aikin nisa, a Agusta 2003 ya matso har kilomita miliyan 56 ya yi jajir, in ya zagaya bayan rana kuwa wajen miliyan 400, sai ya dushe ka yi ta nema. Sannan Gamzaki na asuba ita ce dai Zara, takan yi watanni yamma ta ɓace ta ɓullo gabas.

Maman Nana, Birni

Ikon Allah, Gamzaki da Zara abu ɗaya! Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Baba na tuna ranar husufin sarai ina gidanmu lokacin. Yau da dare in sha Allahu zan zaunar da su biyun in nuna musu Shi'ira da Suhailu. Mushe in ce dai bayan isha'i ne, kudu sosai ko da ɗan karkata gabas? don akwai dogon yaro na maƙwabta da ke tare mana wannan gefen.