Darakta, mai ba da umarni, ko madugu?

1/ Jama'a, ku zo mu raba gardama kan sunan mutumin da ke jan ragamar fim. A lokeshan kowa "darakta" yake cewa. A jerin sunayen ƙarshen fim kuma "ba da umarni" ake rubutawa. Ni duka biyun ba su kwanta mini a rai ba.

2/ Darakta ta yi wa mutane yawa. Akwai na ma'aikatar gwamnati, akwai na kamfani, har mai makarantar kuɗi darakta ne. Ku dubi Ali Nuhu: ya daɗe yana daraktan fim, a Janairun 2024 kuma aka naɗa shi manajan darakta na Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Aiki biyu ne da ba su haɗa hanya ba, amma sunansu ɗaya.

3/ "Mai ba da umarni" Hausa ce tsantsa, sai dai ta tsaya a bakin mutumin kawai, lokacin da zai ce a fara ko a tsaya. Alhali shi ne ke zama da marubuci a warware labari, ya zaɓi jarumai, ya yawata neman gidan da za a yi ɗauka. Yana kallon inuwa ya san la'asar ta kusa cinye masa haske, sai ya sauya tsarin fitowa nan take. Jaruma ta kasa kuka, ya ja ta gefe ya yi mata magana a hankali har hawaye ya zo. Bayan an watse kuma ya tare wurin mai tace hoto. Da yawansu ma daga mataimaki ko ɗan wasa suka taso, sun sha ɗaukar umarni kafin su bayar.

4/ Shawarata: madugu. Madugu uban tafiya, wanda a zamanin fatauci yake jan ayari daga Kano zuwa Gwanja, ya san zango, ya san mashaya, shi ke sasanta kuɗin fito. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 har fim mai dogon zango ya kankama, ai mu da kanmu "zango" muke kiran kowane kashi. Wanda ya ja tafiya irin ta Labarina zango bayan zango, kamar Malam Aminu Saira, me ya rage masa na madugu?

5/ Wani ɗan'uwa ya ce kalmar ta ɓaci, don rediyo ta saba mana da "madugun 'yan tawaye". Gaskiya ne, amma ana cewa "madugun 'yan adawa" ba wanda ya ji zagi. Wani kuma ya ce furodusa ne madugu tunda shi ke da kuɗi. A'a, malam. Shi yana da sunansa, mai shiryawa, mai kuɗin kuma ɗaukar nauyi ake rubuta masa.

6/ Don haka a bar "ba da umarni" a rubutun fim, tunda ido ya saba. Mutumin da sana'arsa kuwa a ce madugun fim, jam'i madugan fim. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da aron ku ya biyo ta Faransanci, yaya ta zauna a bakinku?