Kalmar sirrin kowa a fili take a rumbun bayanaina, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wata 'yar manhaja da yaren shirya manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL, ma'aikata na shiga da suna da kalmar sirri. Jiya abokin aikina mai haɗa rahoto ya buɗe teburin masu rajista, sai ga kalmar sirrin kowa ɓaro-ɓaro, har da ta maigidanmu. Wallahi na ji kunya. Idan na sa taurari (****) suka rufe gurbin, ya wadatar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, taurarin nan rufa-ido ne, a allo kaɗai suke. Duk wanda ya buga SELECT, wato umarnin karanto bayanai daga rumbun, zai ga komai. Kada ma ka ajiye kalmar kwata-kwata. Ka niƙe ta da password_hash, umarnin da ke cikin PHP tun 2013 mai mayar da kalma wasu haruffa barkatai, ka ajiye garin, wato haruffan da suka fito. Gari kuwa ba ya komawa tsaba. In mutum ya zo shiga, password_verify zai niƙa abin da ya rubuta ya gwada da garin da ka ajiye. Shi password_hash da kansa yake zuba gishiri, wato wasu haruffa daban ga kowane mutum, don ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya sakamakon ba zai yi kama ba. Ka ba gurbin faɗin haruffa 255.

Amsa ta biyu: Ni dai da MD5 nake niƙawa, ban taɓa samun matsala ba.

Amsa ta uku: Haba ɗan'uwa, Allah ne ya rufa maka asiri! MD5 da SHA-1, tsofaffin hanyoyin niƙa, saurinsu ne illarsu, ɓarawo zai yi ta cinke ba adadi cikin daƙiƙa. A 2012 an fitar da kalmomin sirrin masu amfani da shafin LinkedIn kusan miliyan 6.5, SHA-1 ne ba gishiri, nan da nan aka fasa da yawa. Ka koma hanyar niƙa ta bcrypt ko Argon2, da gangan aka yi su da nawa. Shi kuma mai tambaya, me ya kai mai rahoto wannan gurbin? Da alama duk da root kuke shiga, wato babban asusun da ke da iko da komai. Buɗe masa nasa asusun, ka yi masa GRANT SELECT, wato izinin karantawa, a kan suna da imel kaɗai.

Mai tambaya: Gaskiya da root muke shiga. Na gode. To, wanda ya manta tasa fa, ya zan tuna masa?

Amsa ta farko: Ba za ka iya ba, kuma haka ake so. Ka tura masa mahaɗin sake sabuwa, mai mutuwa bayan ɗan lokaci. Waɗanda aka riga aka gani kuwa kowa ya canza yau, kuma ka duba tsofaffin kwafin ajiya, suna nan a ciki tsirara.